Daga Giyar Hannu Zuwa Giya Maras Matakala: Waiwaye Daga Hanyar Keffi

Masu iya magana kan ce zamani riga ne. Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Keffi zuwa Abuja da sanyin safiya zai gaskata haka. Garin da Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19, wanda fatake ke ratsawa da jakai, yau shi ne mashigar dubban motoci. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, aka kuma ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, cunkoson Masaka da Mararaba ya zame mana abokin zama. Manufarmu a nan ita ce mu bi diddigin wani ɓangare na mota da wannan cunkoso ke wahalarwa, wato giya.

Iyayenmu sun koyi tuƙi ne da giyar hannu. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 504 ta zama sarauniyar tashoshinmu. A lokacin, ana gane gwanin direba ta yadda yake haɗa kuloci da totur ba tare da mota ta yi tsalle ba. Giya otomatik kuwa, wadda kamfanin General Motors na Amurka ya fito da ita a 1939, ta hutar da ƙafar hagu, amma ita ma hawa take yi mataki-mataki, daga na ɗaya zuwa na biyu.

Akwai wata hikima ta uku wadda ta girme su a tunani. Tun wajen 1490 Leonardo da Vinci ya zana giyar da ba ta da matakala. Sai a 1958 ne wani ɗan ƙasar Holan, Hub van Doorne, ya sanya ta cikin ƙaramar motar DAF 600, da bel na roba. A 1987 motoci irin su Subaru Justy suka fito da ita da bel na ƙarfe. Daga baya ta shiga ƙananan motocin jif, kamar Nissan X-Trail a 2007. Ita ce masu gareji ke kira CVT.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Maimakon haƙoran ƙarfe masu cizon juna, gargare biyu ne, kowanne kamar mazurari biyu da ke fuskantar juna, bel yana zagaye da su. Idan ɗaya ya matse, bel ya hau sama, sai ɗayan ya buɗe, bel ya nutse ciki. Ta haka gudun ƙafafu ke canzawa a hankali, inji kuma ya zauna inda ya fi tsimin mai. Shi ya sa direba ba ya jin fizgar sauyin giya. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, wannan tsimi ya zama abin dubawa ga malami da ɗalibi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Bel ɗin yana riƙe gargare ne da gogayya, don haka zafi da nauyi su ne abokan gabarsa. Mafi yawan waɗannan motoci kuwa na hannu ne, sun tsufa a ƙetare kafin su iso gare mu. Mu kuma mukan lafta musu buhunan doya daga Lafiya, mu tsaya da su a cunkoso cikin zafin bazara. Mafi muni, tana da man giya nata na musamman. Idan aka zuba mata na otomatik, bel ya riƙa sulɓewa har giya ta lalace, gyaran kuma ya cinye albashin watanni.

Abin da wannan tarihi ke nuna mana shi ne, na'ura takan riga iliminta isowa ƙasarmu. Bakaniken da ya ƙware a 504 bai gaza ba, zamani ne ya canza masa jarrabawa. Ya kamata jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su jawo masu gareji a jika, sassan Hausa kuma su samar da kalmomi da littattafan jagora cikin harshen da ake magana da shi a gareji. Kafin nan, wanda zai sayi mota ya tambayi irin giyarta da irin manta kafin ya tambayi launinta, domin rigakafi ya fi magani.