Tarihin GRA ta Maiduguri: Yadda Unguwar Turawa Ta Koma Unguwar Manya

Duk wanda ya taɓa baro cunkoson Kasuwar Litinin da tsakar rana a watan Afrilu ya shiga Tsohuwar GRA, ya san bambancin da nake nufi. Tituna masu faɗi, inuwar darbejiya hagu da dama, gidaje kowanne da filinsa, har iskar ma sai ka ji ta sauya. Da yawa daga cikinmu mun taso muna ɗauka haka Allah ya yi wurin. Alhali kuwa zana shi aka yi a takarda, kuma dalilin zanen ba mai daɗin ji ba ne.

Maiduguri ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina. Babban birnin Shehunan Borno Kukawa ne, wanda Shehu Muhammadu Al-Amin Elkanemi ya kafa a 1814, Rabe kuma ya rusa shi a 1893. Bayan Faransawa sun kashe Rabe a 1900, Ingilishi suka shigo Borno suka yi sansanin soja a Mafoni. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya bar Kukawa ya kafa Yerwa a gefen kogin Ngadda, su kuma Turawa suka koma kusa da ƙauyen Maiduguri, kudu da Yerwa, suka gina gidan Razdan a 1908. Ke nan tun ranar farko garuruwa biyu aka haifa, kowanne da nasa tunanin yadda ake tsara gari.

Tsarin Shehu na gado ne. Akwai fada, akwai masallaci a kusa da ita, sannan ga Dandal, wato babban titin nan mai faɗi da ya miƙe daga ƙofar fada, kamar yadda yake a Kukawa. A nan ake hawan salla, a nan talaka da basarake suke haɗuwa. Unguwanni suka kewaye shi: Shehuri, Limanti ta malamai, Fezzan ta fataken da suka zo ta hamada, da Hausari inda kakanninmu 'yan kasuwa suka sauka. Kowace unguwa da mutanenta, amma duk hanyoyin suna kai ka Dandal da kasuwa. Tsari ne na tara jama'a wuri ɗaya.

Na Turawa kuwa tsarin rabuwa ne, kuma sauro ne ya ba su hujja. A 1897 wani likitan Ingila mai suna Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Maimakon a ce to a yaƙi sauron a ko'ina, sai likitocin mulkin mallaka suka ce jinin 'yan ƙasa, musamman yara ƙanana, shi ne rumbun cutar, don haka Bature ya kwana nesa da su. A Firitawun ta Saliyo har unguwa aka gina musu a kan dutse, aka ja mata layin dogo. A Najeriya, Gwamna Lugga ya mayar da abin doka a 1917, dokar da ta kasa garuruwa aji uku, ta kuma tanadi keɓaɓɓen wuri na Turawa. Tsakanin wannan wuri da unguwar 'yan ƙasa sai an bar fili mai faɗin yadi 440 da ba a yarda a yi gini a cikinsa ba, wai iyakar tafiyar sauro ke nan. A irin waɗannan filaye ne a garuruwa da dama aka yi filin sukuwa da na folo da na golf. Haka aka samu Nasarawa a Kano, haka aka samu ta Zariya da Kaduna da Jos, haka kuma ta Maiduguri.

Abin dariya, ko na takaici, shi ne Baturen da ke gudun jinin baƙar fata ba zai iya dafa wa kansa shayi ba. Dole kuku da boyi da mai gadi da mai kula da doki su kwana a bayan gidan. Asalin ɗakunan da muke kira boyis kwata ke nan, waɗanda har yau injiniyoyinmu ke zanawa a bayan kowane babban gida ba tare da sun tambayi daga ina al'adar ta zo ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, an yi wa wurin aiki. An yanka filaye manya, gida ɗaya a tsakiyar fili, an ja shi baya daga titi, an yi baranda don iska, an bar hanyar ruwa. Ita kanta darbejiyar, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, baƙuwa ce. Asalinta daga Indiya ne, kuma a wajajen 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Ta karɓi ƙasar fiye da yadda aka zata, ta bi titunan Yerwa ma, har ta zama alamar garin. A ganina ita kaɗai ce ni'imar GRA da ta tsallaka zuwa unguwar talaka ba tare da an nemi izini ba.

Kafin samun 'yancin kai an sauya sunan daga wurin Turawa zuwa wurin gwamnati, abin da haruffan GRA suke nufi. Turawa suka tafi, manyan ma'aikata da alƙalai da hafsoshi suka shiga gidajen. Launin fata ya daina zama sharaɗi, muƙami ya maye gurbinsa, daga baya kuma kuɗi.

A daidai lokacin ne garin ya fara kumbura. Jirgin ƙasa ya iso a 1964. A 1967 Maiduguri ta zama babban birnin Jihar Arewa Maso Gabas, wadda ta haɗa Borno da Bauci da Adamawa, a ƙarƙashin Gwamna Musa Usman, ma'aikata suka yi ta kwararowa. An kafa jami'a a 1975, aka ƙirƙiri Jihar Borno a 1976. Gwamnati ta ga abin zai fi ƙarfinta, ta ɗauko kamfanin Max Lock, Baturen da ya zana wa Kaduna tsarinta na 1967. Suka bi garin suka ƙidaya gidaje, suka auna ƙasa da ruwa, suka miƙa rahoton tsarin Maiduguri a 1976. Amma abin da aka fi aiwatarwa a shekarun da suka biyo baya shi ne ɓangaren da ke da masu gida a gwamnati: Sabuwar GRA ta wajen hanyar Bama, da rukunin gidajen da muke kira da lamba, irin su 202 da 303 da 505, daga baya 777 da 1000. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, takardar fili ta zama abin da mai hanya ke samu. Wanda ba shi da hanya sai ya je wurin bulama ya sayi ɗan yanki a gona, ya gina, maƙwabcinsa ya manna nasa a jiki. Haka unguwanni da dama suka tashi babu lambatu, babu filin makaranta, wasu a cikin kwarin kogi.

Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya ƙara dagula lissafin. Daga 2014 mutanen Bama da Gwoza da Baga da Monguno da Dikwa suka cika garin, mafi yawansu ba a sansani suka zauna ba, a gidajen 'yan uwa ne da kangwaye. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje su kuma suka nufi GRA saboda tsaro da faɗin gidaje, kuɗin haya ya tashi, gidajen kwana suka koma ofisoshi da masaukin baƙi. Magada suka ga riba, ana yanka filin gida ɗaya gida huɗu ko biyar, ana sare bishiyar da ta girmi uban mai gidan don a kafa shago ko katanga mai waya a kai. Hukumar tsara birane ta jiha da BOGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Zulum don rajistar filaye, suna da aiki a gabansu ta fuska biyu: hana GRA lalacewa, da kai tsari inda bai taɓa zuwa ba. Na biyun ya fi wuya, kuma shi ya fi shafar yawancinmu.

A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da Bulabulin, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Litinin da asibitin koyarwa na jami'a, ya mamaye gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya kuma taɓa wasu sassan GRA. Amma mutanen da suka kwana a kan rufin gida da bakin titi, mafi yawansu daga unguwannin bakin Ngadda suka fito, waɗanda da yawa daga cikinsu ba a taɓa zana musu titi ko lambatu ba tun ranar da aka aza tubalinsu na farko.