Jinga

jinga (suna, mace): yarjejeniyar yin wani aiki takamaimai kan kuɗin da aka yanke tun farko, ba albashin wata ba, ba kuma ladan yini ba. A Musawa da ƙauyukanta 'yan ƙodago kan ɗauki jingar noman gona, ko karyar masara, ko tsinkar auduga.

Warware jinga: barin aikin bai ƙare ba. Nan ake samun rigima. Gona takan fi yadda aka kwatanta ta ciyawa, ko mai gona ya riƙa jan ƙafa wajen biya, sai ɗan jinga ya shiga tunanin tafiya. In ya karɓi kafin alƙalami, a ganina kada ya sulale cikin dare; ya nemi a ƙiyasta abin da ya yi a gaban shaidu ko mai unguwa, ya mayar da ragowar. A fiƙihun Malikiyya ma an bambanta ijara, wadda ke ɗaure ɓangarorin biyu, da ju'ala, inda ma'aikaci ke da damar janyewa amma ba shi da lada sai aiki ya kammala.

*Misali*: "Alhaji, ka yi haƙuri, jingar nan ta fi ƙarfina, a auna kunyoyin da na yi."