Kudancin Alkahira, Inda Malamanmu Suke Kwance

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Alkahira neman magani ne ko karatu ko sari yake kai su. Idan an sami sarari a je Giza a ɗau hoto a gaban dala, a yi sallah a masallacin Sayyidina Husaini, a sayi turare da jallabiya a Khan Khalili, shi ke nan an ga Masar. Amma kudu da Khan Khalili, a gindin dutsen Muƙaɗɗam, akwai wani ɓangare na birnin da motocin 'yan yawon buɗe ido ba su cika tsayawa ba, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar Bahaushe ya taka da ƙafarsa.

Birnin ma daga kudu ya faro. Amru ɗan Asi ya kafa Fusɗaɗ a shekarar 641, bayan Musulmi sun ci Masar. Sai a 969 ne Jauhar, kwamandan Faɗimiyawa, ya zana ganuwar Alkahira can arewa, ya aza harsashin Azhar a shekarar da ta biyo. Tsakanin waɗannan biyun Ahmad ɗan Ɗulun ya gina nasa gari, wanda babu abin da ya rage daga cikinsa sai masallacinsa da aka kammala a 879. Daga nan ya kamata mai ziyara ya fara. Tubali ne da farar ƙasa, da wani makeken fili a tsakiya, da hasumiya wadda matakalarta ta nannaɗe ta daga waje. Sau da yawa za ka shiga ka tarar daga kai sai masu gadi da tattabaru. Idan ka hau hasumiyar, ga fadar Salahuddini a gabas, ga rufin gidajen unguwar Khalifa birjik da shanya da akurkin tattabaru.

Daga ƙofar masallacin sai a gangara Titin Khalifa. Matsattsen titi ne, tuktuk na kutsawa tsakanin masu sayar da gurasa da masu tuyar ɗa'amiyya, wadda ba ta da maraba da ƙosanmu sai dai launinta kore ne a ciki. A wannan ɗan titin ne kubbar Shajaratud Durri take, baiwar da ta hau gadon sarautar Masar na kwana 80 a 1250. Ƙaramin ɗaki ne, mutum zai iya wuce shi bai lura ba, amma a saman mihirabinsa an ƙera bishiya da gutsattsarin gilashi mai ruwan zinariya, aka yi mata 'ya'ya da ƙwaryar lu'ulu'u. Daura da ita ga mashahadin Sayyida Ruƙayya na 1133. Ƙarshen titin kuma masallacin Sayyida Nafisa, tattaɓa-kunnen Sayyidina Hasan, wadda ta rasu a 824. Mutanen Alkahira suna ƙaunarta ƙwarai, ba ka rasa mata da yara a ƙofarta dare da rana.

Daga nan an shiga Al-Ƙarafa, babbar makabartar da ake binne mutane tun zamanin Amru. Turawa suna kiranta birnin matattu, kuma ina ganin sunan ya zalunci wurin, domin cike yake da rayayyu. Masu hali na Alkahira ba su saba binne mamatansu a fili ba, sukan gina haushi, wato shinge mai ƙofa da ɗaki ɗaya ko biyu, inda dangi ke zama ranar ziyara. Iyalan masu haƙar kabari da masu gadi sun daɗe a ɗakunan nan, daga baya tsadar haya da kwararowar mutanen ƙauye da girgizar ƙasar 1992 suka ƙaro wasu. Yau akwai lantarki, akwai shagunan shayi, yara suna buga ƙwallo a lungunan da ke tsakanin kaburbura.

Duk wanda ya zauna a kan buzu a zauren malam ya san mutanen wannan unguwa tun kafin ya zo. Warshu, wanda da ruwayarsa aka rubuta mana allo, a nan aka binne shi a 812. Ibnul Ƙasim da Ashhabu, almajiran Imamu Malik da ake ta ambato a littattafan fiƙihu, suna nan. Shaɗibi na masu ƙira'a yana nan, haka Ibn Aɗa'illahi mai Hikam, wanda ya rasu a 1309. Kusa da dandalin Sayyida A'isha kuma ga kubbar Jalaluddini Suyuɗi, ɗaya daga cikin Jalalai biyun da ake karanta tafsirinsu a masallatanmu duk watan azumi. Shi wannan Suyuɗin, kafin rasuwarsa a 1505, ya aike da wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasar Takruru, har da Sarkin Katsina Ibrahim. Hanyar ba ta ɓangare ɗaya ba ce kuwa: Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da hatimi, a Alkahira ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan.

Mafi girman kubba a Al-Ƙarafa ita ce ta Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820. Sarki Al-Kamil ne ya gina ta a 1211, da katako aka yi ta aka lulluɓe da darma, a ƙoƙuwarta kuma aka kafa ɗan kwalekwale na tagulla. Akwatin katakon da ke kan kabarin ya girmi kubbar, tun zamanin Salahuddini aka sassaƙa shi. An gyara ginin, an sake buɗe shi a 2021.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wurin yana raguwa. Tun 1979 UNESCO ta sa tsohuwar Alkahira cikin wuraren tarihi na duniya, amma daga 2020 zuwa yau an rushe haushi da dama domin shimfiɗa manyan tituna da gadojin sama, an kwashe ƙasusuwan mutane zuwa sababbin makabartu a bayan gari. Cunkoson motoci a Alkahira gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai titi ana iya karkata shi, kubbar da ta shekara ɗaruruwa kuwa in ta faɗi ta faɗi ke nan.

Mai niyyar zuwa ya fita da safe, ya sa takalmin da zai jure tafiya, ya riƙe canji don masu riƙe da mabuɗan kubbobi. Ya yi sallama kafin ya leƙa kowane haushi, domin gidan mutane ne, kada kuma ya ɗauki hoton kowa sai da izini. In Allah Ya kai ka Alkahira, ka ware wa kudancinta yini guda, kada ka ce sai wani zuwan.