Lambar oktan: me take nufi, kuma wane fetur ne ya dace da injinka?

Mai motar da aka shigo da ita ta tashar Kwatano ko ta Lome, idan ya buɗe murfin tankin mai, sau da yawa zai tarar da ƴar takarda manne a ciki da rubutu kamar "95 RON" ko "SP95", ko kuma "87" idan daga Amurka motar ta fito. Wannan ita ce lambar oktan, wadda ake kira indice d'octane da Faransanci. A galibin gidajen man Nijar, Kamaru da Chadi fetur iri ɗaya ne ake sayarwa da sunan "super", ba tare da wata lamba a jikin famfo ba, shi ya sa direbobi da yawa ba su damu da ita ba. Amma tana da hannu a ƙarfin jan mota, da yawan man da take sha, da kuma tsawon ran inji.

Abin da lambar take aunawa

Mutane da dama sun ɗauka cewa fetur mai babbar lamba ya fi ƙarfi ko ya fi tsabta. Ba haka ba ne. Lambar oktan tana auna abu guda: iya juriyar fetur ga matsi da zafi kafin ya kama da wuta da kansa. Lita ɗaya ta fetur mai lamba 91 da lita ɗaya ta mai lamba 98 kusan makamashi ɗaya ne a cikinsu.

Injin fetur yana aiki ne da bugu huɗu. Fistin ya sauka ya shaƙo iska da mai cikin silinda, ya hau ya matse su, fulogi, wanda wasu ke kira buji, ya ba da tartsatsi wuta ta tashi ta tura fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. Idan komai na tafiya daidai, wutar daga bakin fulogi take farawa ta bazu a jere har ta cinye man duka.

Matsala tana zuwa ne idan ragowar man da ke can gefen silinda ya kasa jure zafi da matsi, ya fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi. Wannan fashewa tana dukan bangon silinda da kan fistin, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, musamman wajen hawan tudu ko lokacin da aka take mota da kaya a babban giya. Makanikan da suka yi karatu da Faransanci suna kiranta cliquetis. Ƙwanƙwasa kaɗan na ɗan lokaci ba ta cika yin ɓarna ba. Idan ta yi tsanani ta daɗe, tana iya ƙona gaskit, ta karya ringi, har ta huda kan fistin.

Yadda aka samo ma'aunin

Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Graham Edgar, shi ya kawo wannan ma'auni a wajajen 1927. Ya ɗauki sinadarai biyu: iso-oktan, mai jure matsi ƙwarai, aka ba shi 100, da heptan, mai saurin fashewa, aka ba shi 0. Ana gwada fetur a wani inji na musamman mai silinda ɗaya da ake iya ƙara masa matsi ko a rage. Idan fetur ya fara ƙwanƙwasa daidai inda haɗin kashi 91 na iso-oktan da kashi 9 na heptan yake farawa, lambarsa 91 ke nan.

Gwajin iri biyu ne. Na farko, RON, ana yin sa a juyi 600 a minti. Na biyu, MON, ana yin sa a juyi 900 tare da ƙarin zafi, don haka lambarsa takan yi ƙasa da ta RON da kamar maki 8 zuwa 10. Turai, Afirka da galibin Asiya da RON suke aiki. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa biyun su raba biyu, su rubuta sakamakon a jikin famfo da sunan AKI. A nan ne masu sayen motocin hannu suke rikicewa. A taƙaice:

87 na Amurka ya yi daidai da kusan 91 zuwa 92 RON.
91 na Amurka ya yi daidai da kusan 95 RON, wato SP95 na Faransa.
93 na Amurka ya yi daidai da kusan 98 RON, wato SP98.

Saboda haka motar Amurka da aka rubuta mata 87 ba ta da matsala da fetur mai 91 RON, wanda shi ne mafi ƙarancin da mizanin Najeriya da na Gana suka yarda da shi. Motar Turai kuwa, tun daga masana'anta an saita ta ne a kan 95, domin shi ne fetur na yau da kullum a can.

Me ya sa wani inji ya fi wani buƙata

Babban dalili shi ne yawan matsin da inji yake yi. Idan aka ce matsin inji 10:1 ne, ana nufin fistin yana cusa abin da ya cika silinda cikin kashi ɗaya bisa goma na wurin. Gwargwadon yawan matsi, gwargwadon ƙarfin da ake tatsa daga kowace lita, amma kuma zafi yana ƙaruwa. Tsofaffin motoci masu kafireto suna tsakanin 8:1 da 9:1. Na zamani sun haura 10:1, har kamfanin Mazda ya kai 14:1 a wasu injunansa na Skyactiv. Injuna masu turbo, da ke tura ƙarin iska cikin silinda, su ma suna cikin masu son babbar lamba ko da injin ƙarami ne.

Yanayi ma yana da tasa rawar. Iska mai zafi da bushewa tana ƙara wa inji saurin ƙwanƙwasa, don haka motar da ke tafiya lafiya lau a lokacin sanyin hunturu tana iya fara kuka a watan Afrilu a Yamai, Marwa ko Njamena, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Lodin da ya wuce kima, lagireton da ya toshe, da dattin gawayi da ya taru a kan fistin duk suna ƙara tsananta lamarin. A wurare masu tsayi sosai kuwa buƙatar tana raguwa saboda iska ba ta da kauri, shi ya sa ake sayar da fetur mai lamba 85 a jihohin duwatsu na Amurka.

Idan aka sha ƙasa da abin da ake buƙata

Motocin zamani suna da wata ƴar na'ura a jikin inji mai sauraren ƙwanƙwasa. Da ta ji, sai ta sanar da kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta lokacin da fulogi zai ba da wuta. Wannan yana kare inji, amma da kuɗinsa: mota takan yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai, hayaƙinta ya ƙara zafi. Direba ba zai ji ƙarar komai ba, sai dai ya ga litar da ta saba kai shi wani wuri ta daina kai shi. Kuma gyaran da kwamfuta za ta iya yana da iyaka.

Tsofaffin motoci, da galibin baburan kabu-kabu, da adaidaita sahu, da ƙananan janareto ba su da wannan kariya. Sa'arsu ita ce matsinsu ba shi da yawa, fetur mai 91 ya ishe su. Haɗarinsu yana wajen gurɓataccen mai.

Idan kuma aka sha sama da abin da ake buƙata, babu illa, amma babu riba. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada hakan a 2016, ta tarar cewa motar da aka ƙera don fetur na gama-gari ba ta samun ƙarin ƙarfi ko sauƙin shan mai idan aka zuba mata mai tsada. A Gana, inda ake samun 91 da 95 a gidan mai ɗaya, wannan magana ce ta aljihu kai tsaye.

Yadda ake ɗaga lambar

Fetur ɗin da ya fito kai tsaye daga tace ɗanyen mai lambarsa ƙasa take, ba ta isa a zuba a mota ba. Matatu irin su SORAZ ta Damagaram da ta Djarmaya a Chadi, waɗanda aka buɗe a 2011, da ta Dangote a Legas, sai sun sake sarrafa shi sun gauraya kashi daban-daban kafin ya kai mizani.

A da, da dalma ake wannan aiki. Thomas Midgley na kamfanin General Motors ne ya gano a 1921 cewa ɗan kaɗan na wani sinadarin dalma yana kashe ƙwanƙwasa. An shafe shekaru da dama ana amfani da shi duk da cewa guba ne mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Bayan yarjejeniyar Dakar ta 2001, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da shi a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Yau ana amfani da etanol, wanda lambarsa ta haura 100, kamar a SP95-E10 na Faransa mai ɗauke da har kashi 10 cikin ɗari. Akwai kuma sinadarin manganis, wanda idan ya yi yawa yake barin jan datti a bakin fulogi ya kashe shi. Masu motoci a Gana sun yi ta kuka da wannan a 2023. Metanol ma yana ɗaga lamba, amma yana cin roba da wasu ƙarafa. A farkon 2022 an shigo da fetur mai metanol fiye da kima Najeriya daga Antwerp ta Beljiyam, ya lalata motoci, janye shi daga kasuwa kuma ya haddasa dogayen layuka. Wannan ya nuna babbar lamba kaɗai ba ta mai da fetur mai kyau.

Man bakin hanya

A garuruwan kan iyaka mutane da yawa ba daga famfo suke shan mai ba. Ruwa-ruwa a Nijar, zuwa-zuwa a arewacin Kamaru, kpayo a Benin, ƴan bumburutu a Najeriya: man kwalba da jarka ne ke riƙe da babura da motocin haya, ko da yake cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 ya rage ratar farashi. Asalin wannan mai yana iya zama mai kyau. Abin da ke ɓata shi biyu ne. Na ɗaya, zama a rana cikin jarkar da ba ta rufu sosai ba, inda sassansa masu sauƙi suke tashi su bi iska, sai inji ya yi wuyar tashi. Na biyu, algus. Kananzir da gazuwal lambar oktan ɗinsu ƙasa take ƙwarai, don haka ko kaɗan aka zuba a fetur sai lambar ta faɗi. Alamunsa su ne ƙwanƙwasa, hayaƙi, fulogi mai baƙin danshi, da inji mai zafi fiye da yadda ya saba. Launi ba ya nuna lamba, domin rini ne ake zubawa.

Masu motocin gazuwal su lura cewa wannan lissafi bai shafe su ba. Injinsu ba shi da fulogin tartsatsi, matsi ne ke kunna man, don haka abin da ake so shi ne man da ke saurin kamawa. Ma'auninsa daban ne, ana kiransa lambar setan.

Abin da mai mota zai yi

Ka duba murfin tanki ko littafin mota, ka tabbatar ko lambar RON ce ko ta Amurka. Ka lura da kalmar da aka yi amfani da ita: idan shawara ce kawai, wato recommandé, mota za ta iya tafiya da ƙasa da haka tare da ɗan raguwar ƙarfi, idan an rubuta minimum, to kada a sauka ƙasa da lambar.

Idan motarka ta 95 ce kuma babu shi a garinku, ka rage mata wahala: kada ka take ta da ƙarfi a babban giya, ka sauko da giya wajen hawa, ka rage lodi a tsakar rana, ka kula da ruwan lagireto, ka sa irin fulogin da kamfani ya faɗa. Ƴan kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota abin da suke ƙarawa kaɗan ne, wasu kuma manganis ne a ciki.

Idan ƙwanƙwasa ta fara daga shan mai a wani wuri, ka cika tanki da man da ka amince da shi don ya surka, ko a juye shi idan abin ya yi yawa. Idan ta ci gaba da mai mai kyau, matsalar tana wajen saitin wuta, ko na'urar sauraren ƙwanƙwasa, ko zafin inji, sai a kai wa bakanike. Wanda kuma zai sayi mota ƴar Kwatano mai turbo, ya fara tambayar irin man da take sha da kuma inda zai same shi, kafin ya biya kuɗin kwastan.