Gaggawar Balagar 'Yan Mata da Illolinta ga Lafiya: Nazari a Kan Wurno, Rabah da Goronyo

Fukaha'un Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Wurno tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a can har ya rasu a 1837, sun ƙididdige alamomin balaga, wato haila, da ciki, da mafarki, da tsirowar gashin mara, ko cikar shekara 18 idan duk waɗannan sun faskara. Kuma sun hukunta cewa jinin da ya zo wa yarinya kafin shekara 9 ba haila ba ne. Likitocin zamani ba su yi nesa da wannan haddi ba, domin a wurinsu yarinyar da ta fara ƙirgar dangi kafin shekara 8 ta fita daga al'ada.

Abin da bincike ya tabbatar shi ne lokacin balaga yana matsowa. A ƙasashen arewacin Turai shekarun fara haila sun sauko daga wajen 17 a tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 13 bayan shekara ɗari, sa'an nan wani nazari da mujallar JAMA Pediatrics ta buga a 2020 ya nuna fitowar nono tana yin gaba da kusan wata 3 a kowace shekara 10 tsakanin 1977 da 2013. Babban sababi kitse ne, domin shi ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa jiki ya tara guzurin ɗaukar ciki.

Amma a ƙasar Rima al'amarin yana da fuska biyu, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami fiye da rabin ƙananan yaran Arewa maso Yamma a tsumbure saboda tamowa, ita kuwa tamowa jinkirta balaga take yi. Ta haka sai ka tarar 'yar ƙauyen Rabah mai tallar fura a rana tana makara, alhali sa'arta ta gidan mai hali, wadda ta saba da lemun kwalba da taliyar leda, ta riga ta. Akwai kuma zargin da masana ke yi wa magungunan feshi, irin waɗanda ake zuba wa albasa da tafarnuwa a fadamun da madatsar ruwan Goronyo ke shayarwa, cewa wasunsu suna kwaikwayon sinadaran jikin mace.

Illolin nesa na gaggawar balaga sanannu ne: sankarar mama, wadda haɗarinta ke ƙaruwa da wajen kashi 5 cikin 100 ga kowace shekarar da haila ta yi gaba, da ciwon suga, da hawan jini. Na kusa sun fi tsoratar da ni. Ƙashin ƙugu yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan jinin farko, saboda haka iyayen da suka ɗauki haila hujjar cewa jiki ya kammala, suka ɗaura aure nan take, sun kusantar da 'yarsu ga jijjiga da doguwar naƙuda, inda kan jariri ke danne mafitsara kwana biyu ko uku har naman ya mutu, yoyon fitsari ya biyo baya, kamar yadda ma'aikatan Asibitin Maryam Abacha a Sakkwato ke gani. Wajabcin azumi da balaga ke kawowa hukunci ne na ibada, ba shahadar likita ba ce.

Wadda alamomin suka bayyana mata kafin shekara 8 kuwa, haƙƙinta ne a kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a duba ƙwaƙwalwa da ƙwan mahaifa, domin wani lokaci ƙari ne sanadi, kuma akwai allurar da ke dakatar da lamarin har ta ƙara tsawo.