Gidan Haya a Hotoro, daga Awon Igiya zuwa Jan Fenti

Kafin dillalai su fara rantsuwa da Hotoro, gonaki ne da ƙauyuka a gabashin Kano, a kan hanyar da ta nufi Wudil ta zarce Maiduguri. Manoman wurin sun san gado, sun san aro, sun san jingina, amma haya ba ta cikin lissafinsu. Ko a cikin birni, fatake wurin fatoma suke sauka, ya ba su makwanci da wurin ajiye kaya, ya ci la'adarsa in ciniki ya faɗa. Biyan kuɗin ɗaki wata-wata bai kankama ba sai bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, Turawa kuma suka keɓe wa kansu Nassarawa da Bompai.

Hotoro ta daɗe tana jiran nata rabon. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ma'aikata suka yi yawa, gari ya fara tumbatsa gabas. Daga baya ga daffon man NNPC, ga barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma, ga direbobin tanka masu neman wurin kwana. Sai filaye suka rabu biyu. Akwai awon gwamnati, mai lambar fuloti da faffaɗan titi, irin na Hotoro GRA. Akwai kuma awon igiya, inda mai gona zai kira dillali a yayyanka ta, a bar lungun da da ƙyar mota ke shiga, ba a ware wa kwata hanya ba.

Mahaifinmu awon igiya ya saya, zamanin Shagari, ya jera ciki da falo a kai don mu samu abin dogaro bayansa. Takardar cinikin tana nan a wurina: falle ɗaya da aka yago daga littafin makaranta, da dangwalen mai gona, da sa hannun shaidu, da hatimin mai unguwa. A ganinsa ya mallaki ƙasa har abada. Alhali tun a 1978 gwamnatin Obasanjo ta kafa dokar da ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Wanda ma yake da shaidar mallaka, izinin zama aka ba shi, galibi na shekara 99, yana biyan harajin fili, kuma gwamna na iya soke izinin in an ce jama'a na buƙatar wurin, a biya diyyar gini ban da ta ƙasa. Wato mai gidan haya shi kansa ɗan haya ne, sai dai ba ya son a faɗa masa.

Amma ba gwamnati ce ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Wani magidanci ne ya zo da sallama, ya ce gonar ta kakansa ce, kawunsa ya sayar ba a fitar da kason mahaifiyarsa ba. Da gaskiyarsa. A lokacin ana yawan danne rabon mata a gona, 'ya'yansu kuwa suka taso suka tarar fili ya zama zinari. Alƙali ya tura mu sulhu, muka sake biyan wani ɓangare na abin da muka riga muka saya.

Sai 2012. Bayan hare-haren da aka kai Kano ran 20 ga Janairu, jami'an tsaro suka riƙa kai samame unguwannin gefen gari, Hotoro na ciki, kuma gidan da aka samu 'yan bindiga ko makamai a cikinsa akan rushe shi, ko da mai shi bai taɓa ganin fuskar ɗan hayar ba. A 2014 bam ya tashi a gidajen mai na unguwar. Baƙi da dama suka tattara suka bar gari, ɗakuna suka zauna a kulle. A nan ne sana'ar ta sauya. Da can dillali ya kawo mutum, a karɓi kuɗin shekara, shi ke nan. Yanzu sai hoto, da katin shaida, da wanda zai tsaya maka, da sanin mai unguwa. Na ga dattijon da ya mayar wa mutum kuɗinsa cif saboda ya kasa faɗin sunan garinsu ba tare da inda-inda ba.

Ƙananan masifun kuwa ba su taɓa tafiya ba. Sokawe ta cika, kowa ya ce ba nasa ba ne. Ɗan haya ya tashi cikin dare ya bar maka bashin wuta. Damina ta zo, ruwan lungun da ba shi da mafita ya jiƙa gindin katanga har gishiri ya ci filasta. In ka kai ƙara, makwabta su ce, "Haba Alhaji, mai iyali ne fa, a yi haƙuri," ka shekara kana sintiri a kotu shi kuwa yana zaune kyauta. Ni dai ban cika ganin laifin 'yan haya ba: albashinsu bai bi farashin masara ba, balle na siminti.

A Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da aka yi a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka sayar ba bisa ƙa'ida ba. Masu su suna riƙe da takardun da gwamnatin baya ta ba su. Tun daga nan, duk wanda ya zo tayin gida a layinmu, kafin ya ƙirga ɗakuna sai ya zagaya katanga ya duba ko hukumar tsara birane ta KNUPDA ta shafa jan fenti, alamar rusau, sannan ya tambayi zamanin gwamnan da aka sa hannu a takardar.