Bleach: Kundin Waƙoƙin Nirvana na Farko

Bleach shi ne kundin waƙoƙi na farko da ƙungiyar Nirvana ta Amurka ta fitar. Kamfanin Sub Pop na birnin Seattle ne ya sake shi ranar 15 ga Yuni, 1989. Kurt Cobain, mai rera waƙa da kaɗa jita, da abokinsa Krist Novoselic ne suka kafa ƙungiyar a 1987 a Aberdeen, wani ƙaramin garin masu sana'ar katako a jihar Washington. Salon kiɗansu reshe ne na rok da ake kira grunge, mai kaurin jita da nauyin ganga, wanda ya yi tashe a yankin a wancan lokaci.

Kafin kundin, Sub Pop ya gwada su da ƙaramin faifai a Nuwamba 1988, mai ɗauke da "Love Buzz", tsohuwar waƙar ƙungiyar Shocking Blue ta ƙasar Holan. Kwafi 1,000 kacal aka buga. Daga nan suka shiga situdiyon Reciprocal Recording a Disamba 1988, suka kammala a Janairu 1989, tare da Jack Endino a matsayin mai haɗa sauti. Aikin ya ci kimanin awa 30, kuɗinsa kuwa dala 606 da santi 17. Ko wannan ɗan kuɗin ma ya fi ƙarfin aljihunsu. Wani makaɗin jita, Jason Everman, shi ya biya, aka saka masa da rubuta sunansa cikin makaɗan kundin, hotonsa ma ya fito a bango, alhali bai taɓa ko tsirkiya ɗaya a cikinsa ba. Chad Channing ne ya buga ganga a yawancin waƙoƙin, amma a "Floyd the Barber" da "Paper Cuts" hannun Dale Crover na ƙungiyar Melvins ake ji, daga wani ɗaukar gwaji na Janairu 1988.

Sunan kundin na nufin bilic, ruwan nan na wanki. Cobain ya tsinto shi ne daga wata takardar wayar da kai a San Francisco, wadda ke jan kunnen masu allurar ƙwaya su riƙa wanke allurarsu da bilic don gudun cutar ƙanjamau.

Daga baya Cobain ya bayyana cewa ya danne son da yake wa waƙa mai taushi ne don ya dace da abin da Sub Pop da jama'ar Seattle ke so a lokacin. Kunne ma na shaida hakan. Yawancin waƙoƙin ihu ne da gurnanin jita, baitocinsu kaɗan, ana ta maimaita su, domin a gurguje ya rubuta da yawa daga cikinsu, wasu a daren jajibirin ɗauka. "About a Girl" ce ta fita daban. Ya tsara ta bayan ya wuni yana sauraren Beatles, har ya yi fargabar sa ta a kundin, kada masoya kiɗa mai zafi su juya masa baya. Ita ce kuwa ta fi nuna inda ƙungiyar ta dosa, kuma da ita suka buɗe wasansu na MTV Unplugged a Nuwamba 1993.

Da farko kasuwar kundin ba ta wuce kwafi 40,000 ba a Arewacin Amurka. Everman ya rabu da su a shekarar da kundin ya fito, Channing ya bi bayansa a 1990, Dave Grohl ya karɓi ganga. Sai da kundinsu na gaba, Nevermind, ya fito a Satumba 1991 ƙarƙashin kamfanin DGC ya girgiza duniya, sannan jama'a suka waiwayo neman Bleach. An sake buga shi a 1992, ya kai mataki na 89 a jerin Billboard 200, daga bisani cinikinsa ya haura kwafi miliyan ɗaya a Amurka. Ya zama kundin da Sub Pop ya fi sayarwa a tarihinsa. A 2009 kamfanin ya fitar da bugun cika shekara 20, haɗe da wani wasa da suka yi a Portland a 1990.